Tafin Hannun Remziye

Ranar Lahadin da aka dafa tumatir a gidan Nebahat, ba wanda ya tashi da zaton komai. Satumba ta kama, shinkafa ta fara ja a fadamun bakin kogi, sauro ya ƙoshi, kowane gida a ƙauyenmu kuma da ƙatuwar tukunya a kan wuta a tsakar gida, ana dafa markaɗen tumatirin da za a ci da sanyi. Ni katanga ɗaya ce ta raba ni da su, shekara talatin da ɗoriya, don haka tun hantsi ina can ina taya Nebahat yanka da tacewa. 'Yarta Remziye tana zaune a inuwa tana goge kwalabe. Iyakar aikin da take iyawa ke nan yanzu. Tumatirin da ake wannan wahala dominsa ko cokali ɗaya likita bai yarda ta sha ba, domin shekara uku ke nan ƙodarta ta daina aiki, sai wanki sau uku a mako.

Rana ta yi ƙasa, aka rufe kwalba ta ƙarshe. Abin da ya rage shi ne tukunyar ruwan da aka tafasa kwalaben a ciki, tana ta huci a bakin hanya. A lokacin ne Hulusi, wan Remziye, ya dawo daga shagonsa na gyaran waya a cikin gari, da farar rigarsa fes. Bai taɓa tumatir ko ɗaya ba, amma shi ne ya shigo da ƙorafin an tare masa hanya.

A wurinmu kowa ya sani, ba a zubar da ruwan zafi da magariba. In ta kama dole, sai ka ɗaga murya ka ce destur, wato a ba ka izini, ka yi bismillah, ka ɗan dakata, don aljanu masu wurin su kwashe 'ya'yansu. Gindin ɓaure kuwa ko da rana tsaka ba a yi. Hulusi ya naɗe hannun riga ya ja tukunyar, kuma gindin ɓauren ya nufa.

"Hulusi, bar shi sai da safe," in ji Nebahat. "In ka ƙi, to ka ce destur."

"Inna, izinin wa zan nema? Na tururuwa?"

"Yaya, don Allah ka faɗa," in ji Remziye. "Kalma ɗaya ce fa."

"Ke dai goge kwalbarki."

Ya tuntsurar da ita. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mutum ɗan shekara talatin da huɗu, an roƙe shi kalma ɗaya, ba kuɗi ba, ba ƙarfi ba, ya ga girmansa zai zube in ya faɗe ta.

Ruwan ya malala cikin saiwoyi, tururi ya tashi. Daga cikin tururin muka ji wata 'yar ƙara siririya, irin ta kyanwar da aka taka. Sau ɗaya ta yi. Kwaɗin fadama, waɗanda ba sa rufe baki a wannan lokaci na shekara, suka yi tsit gaba ɗaya. Ladan ya fara kiran salla, muryarsa ta zo mana kamar daga wani gari. Kafin ya idar, dutsen farko ya faɗo a kan rufin ɗaki.

Ba jifan yara ba ne. Ƙananan duwatsun kogi ne masu sulɓi, suna saukowa a hankali ɗaya bayan ɗaya, su gangaro su faɗo tsakar gida. Na ɗauki ɗaya na yar ba shiri, don a jiƙe yake kuma da zafi. Hulusi ya ɗauki tocila ya kewaya bayan gida yana zagin 'ya'yan mutane, bai ga kowa ba. Haka suka yi ta sauka har aka kira isha'i, sannan suka ɗauke. Da muka shiga ɗaki muka tarar da Remziye ta dunƙule hannunta na dama a ƙirji.

"Inna, tafina ƙuna yake yi," ta ce. Aka buɗe, ba ja, ba kumburi, ba komai.

Kashegari Litinin ce, ranar wankinta, ni na raka su cikin gari a ƙaramar bas. A cibiyar wankin ƙodar, kafin mutum ya hau gado sai ya tsaya gaban tebur ya shimfiɗa tafinsa a saman wata 'yar na'ura baƙa, ba sai ma ya taɓa ta ba. An kawo ta ne wai don maganin masu zuwa da katin wani. Ranar farko takan ɗauki zanen jijiyoyin jinin da ke cikin tafinka, na dama da na hagu, ta ajiye. Duk zuwan da ka yi sai ta sake dubawa ta gwada da na ajiye, in sun dace koren haske ya kama, ka wuce. Remziye ta yi wannan fiye da sau ɗari huɗu, bai taɓa ɗaukar ta fiye da ƙiftawar ido ba.

Ran nan ja ya kama.

Feride, mai zaman teburin, ta ce wataƙila hannun ne ya yi sanyi, jijiyoyi kan tsuke in an ji sanyi. Aka ba Remziye kofin shayi ta riƙe har tafin ya yi ɗumi. Ja. Aka gwada hagu. Ja. Feride ta ce bari a sake yi mata rajista daga farko, amma sai na'ura ta ɗauki hoto uku da suka yi daidai da juna. Aka ɗauka sau uku, aka ɗauka sau tara, ba biyun da suka yi kama.

"Goggo Nebahat, ba laifina ba ne," in ji Feride. "Na'ura ta ce ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce? To wace ce na haifa? Dubi fuskarta, Feride! Wa ya kawo miki zuma da kika haihu, ba ita ba?"

"Fuska ba ta shiga kwamfuta, Goggo. In kore bai kama ba, gado ba ya buɗewa. Sai dai ku rubuta wa babban ofis a birnin Edirne a ba ku takardar afuwa, mako ɗaya ta fito. In jikin ya yi tsanani ku kai ta gaggawa."

"Wato sai ta kusa mutuwa sannan za ku gane ta?"

Feride ta sunkuyar da kai ta kira na baya. Gadon Remziye yana can ta cikin gilashi muna kallonsa, an shimfiɗa farin zane, ba kowa a kai. Tun Juma'a rabon jininta da wanki. Muka hau bas muka dawo da ita kamar yadda muka kai ta.

Da magariba duwatsu suka dawo, wannan karon har da murya. Daga gindin ɓaure ake jin kukan yarinya ƙarama, da wata mace tana rarrashinta da harshen da ba namu ba. Kazar da ke kwana a reshen ta sauko ta shige ƙarƙashin benci. Remziye tana jingine da matasai, don ta daina iya kwanciya, ƙafafunta sun kumbura har safa ta yi musu zobe. Nebahat ta kawo mata 'yar ƙanƙara ta tsotsa, tunda ruwa ma a auna ake ba ta. Sai Remziye ta ɗago kai a hankali, ta bi ɗakin da ido har ta sami wanta a bakin ƙofa, ta buɗe baki da muryar dattijon namiji.

"Hannu," ta ce.

Hulusi ya ce gubar da ke taruwa a jini ce take sa sambatu, kuma gobe shi da kansa zai je ya nuna wa mutanen nan yadda ake aiki da na'ura. Ya kuwa je. Safiyar Talata ya sa ta a mota, ya shiga cibiyar yana faɗa kamar zai ɗaga rufi, har aka kira masa mai kula da na'urorin. Mutumin ya buɗe masa hoton da ba a nuna wa marasa lafiya. Me Hulusi ya gani, sai bayan shekara ya faɗa mini. Ya ce jijiyoyin ƙanwarsa sun fito baƙi a kan toka-toka kamar yadda ya kamata, sai dai ba a tsaye suke ba, motsi suke kamar tsutsotsi a cikin laka. A hoto na ƙarshe kuma sun tattaru a tsakiyar tafin sun zana wani hannu ƙarami, mai yatsu a nannaɗe.

Bai faɗa wa kowa ba ran nan. Ya ajiye Remziye a gida, ya juya mota, bayan la'asar sai ga shi da Sadullah Hoja.

Sadullah Hoja tsohon limami ne daga wani ƙauye can sama da namu, gajere, mai saurin fushi, ya bar limanci ya koma kiwon zuma. Ya cire takalmi, ya ƙi shayi, ya dubi Remziye wadda numfashinta ke fita kamar ana jan zarto, ya leƙa gindin ɓaure, ya tambaya ko wa ya zuba ruwan. Hulusi ya dubi ƙasa.

"To malam mai waya," in ji Hoja, "faɗa mini yadda akwatin nan yake gane mutum. Ni baƙauye ne."

Hulusi ya yi bayani, muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce na'urar tana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, ya ratsa fata. Jinin da ke komawa zuciya yana shanye hasken, sai jijiyoyin su fito baƙi kamar saiwar itace, ita kuma ta mayar da zanen lissafi ta ajiye. Ya ce ba mutum biyu masu zane ɗaya, ko tagwaye, ko hannunka na dama da na hagu. Kuma tunda a cikin nama yake, ba a barinsa a jikin kofi kamar zanen yatsa, kuma sai da jini a cikin jijiyar take gani.

"Hasken nan ka taɓa ganinsa?"

"A'a, Hoja. Ba a ganinsa."

"Amma ka yarda yana nan."

"Yana nan."

"Madalla. Da haske ne ya roƙe ka destur, da ka faɗa."

Ya sa aka rufe taga, ya yi alwala, ya zauna a gaban Remziye daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Ya kama wuyan hannunta na dama ya fara karatu. Duwatsu suka fara sauka, yau da ƙarfi, muna jin tayil ɗin rufi yana fashewa. Karatun ya yi nisa. Ɗakin ya yi nauyi, fitilar ta dusashe, warin tururin ƙasa ya cika hanci. Jijiyoyin hannun Remziye suka taso suna harbawa ƙarƙashin yatsun Hoja. Sai ta daina haki, ta miƙe zaune sosai, abin da ta kwana biyu ba ta iya ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Ƙonawar ma ban fara ba. Wane ne kai?"

"Ni ne mai gindin ɓauren. Kakansu da ya ƙetaro kogi da keken shanu, a nan ya same ni, kuma sai da ya yi mini sallama kafin ya kafa turke. Shekara casa'in matan gidan nan suna neman izini muna matsawa. Ko kofi mun taɓa fasa musu? 'Yata tana tsintar ɓauren da ya faɗo, wancan ya dafa mata hannu. Naman tafinta ya saluɓe. Kwana biyu ba ta yi shiru ba."

"An zalunce ka, ban musa ba. Amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wannan me ta ɗebo? Ita ce ma ta roƙe shi ya faɗa."

Duwatsun suka dakata.

"Na ji ta," in ji muryar.

"Ka ji ta, ka kuma shige ta?"

"Jininta fita yake yana komawa sau uku a mako. Ƙofarta a buɗe take. Na shiga ne in kwana ɗaya don wanta ya gani ya ji zafi. Sai suka kai ni gaban akwatin nan, ya haska ni a cikin jini, ni da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa gani. Na yi ta juyi ina ɓuya. Sai na ji macen tana cewa ba ita ba ce." Bakin Remziye ya yi wata dariya da ba tata ba. "A nan na gane ba sai na yi komai ba. Zama kawai zan yi. Ku da kanku za ku kashe ta da takardunku."

Wallahi da na ji wannan ba tsoro na ji ba, haushi na ji, don gaskiya ya faɗa.

"Kai matsoraci ne," in ji Hoja. "Ka ga katangar da ta tsage ka shige, ka bar mai laifi a tsaye. Fita, ko in ƙona ka ƙurmus."

"Ƙona ni sai ka kwana uku kana karatu. Saurari ƙirjinta ka faɗa mini ko tana da ukun."

Dukanmu muna jin ruwan da ke motsi a ƙirjinta.

"Me kake so?"

"Hannu ya zuba, hannu zai biya. A ɗora tukunya, ya tsoma."

"Ba za a dafa naman mutum a gabana ba. Sauko."

Nebahat ta rarrafo ta shimfiɗa tafukanta biyu a gaban 'yarta. "Ga nawa. Ɗauki duka biyun, na gama amfani da su."

"Naki bai taɓa zuba mana ba, uwar gida. Mayar." Idon Remziye ya koma kan Hulusi. "To ya je ya ɗora tafinsa a inda ya zuba. 'Yata ta ɗebi abin da zai warkar da nata. Ba jini a ƙasa, ba ƙuna. Amma abin da ta ɗiba ba ya dawowa."

Hoja ya juya ya dubi Hulusi. "Ni ba zan ce ka yi ba. Hannunka ne."

Hulusi ya dubi hannun nasa, wanda yake kama ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Abin da ya fito daga bakinsa kuwa, Allah Ya yafe mini, da da muciya a hannuna da na sauke masa.

"Hoja, da shi nake cin abinci. Ba ya karɓar rago?"

Sai Remziye ta sulale kan matasai, hakin ya dawo, idonta ya zama nata. Ta neme shi da kallo.

"Yaya," ta ce da ƙyar, "bar shi. Kada ka je. Ni dama na gaji."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya juya ya fita ba takalmi, mu kuma muka bi shi da ido ta ƙofa. Sauran hasken magariba ya rage kaɗan. Ya durƙusa a gindin ɓauren, inda ƙasa ba ta bushe ba tun Lahadi, ya ɗaga murya har maƙwabta suka ji.

"Destur! Destur, masu wuri. Ni ne na zuba."

Ya yi bismillah ya ɗora tafin. Bai yi ihu ba. Na dai ga kafaɗarsa ta girgiza sau ɗaya, kukan yarinyar nan da muka kwana biyu muna ji ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya koma ajiyar zuciya. A ɗaki Hoja ya sa aljanin ya rantse ba shi ba jinin gidan nan har abada, shi ma ya ɗaukar masa alkawarin ba za a sake zuba zafi a wurin ba. Ya matsa ɗan yatsan Remziye na ƙarshe, yatsan ya yi karkarwa, hannun da ya kwana biyu a dunƙule ya buɗe. Can a fadama kwaɗi suka ɗauka gaba ɗaya.

Laraba tun kafin a buɗe cibiyar muna bakin ƙofa. Mu biyu muka riƙe Remziye, don ba ta iya tsayuwa. Ta shimfiɗa tafinta, kore ya kama nan take.

"Kin gani, Goggo?" in ji Feride tana murmushi. "Dama na ce miki haƙuri za a yi."

Nebahat ba ta ko dube ta ba. Aka wuce da Remziye, aka sa allurai, jini ya fara zagaye cikin roba. Hulusi ya tsaya a gaban teburin. Shi ma yana da rajista tun wani aikin tiyata da aka yi masa. Ya faɗi lambar katinsa ya ce a duba, ya ɗaga hannun dama ya shimfiɗa a saman na'urar. Kore bai kama ba. Ja ma bai kama ba.

"Sa hannun mana, Hulusi," in ji Feride, idonta a kan kwamfuta.

"Ga shi na sa."

"A'a. Ta ce ba komai a kanta."

Hannun yana nan har yau, yana motsi, yana ɗaukar burodi, amma ba ya jin ƙusa, kuma sanyinsa kamar ƙarfen famfo da asuba. Likitocin Edirne sun duba sun ce ba su ga ciwo ba. Shagon ya bar wa wani, shi ke kai ƙanwarsa wanki sau uku a mako. Ran nan da ya shiga wurinta ya zauna a gefen gado, sai ta miƙo hannunta mara allura ta kama nasa ta sa cikin bargo. Awa huɗu tana murza shi bai yi ɗumi ba. Yau shekara shida ke nan, ba ta fasa ba.